Wayar da Ke Zuwa Ran Talata

Laraba, farkon Maris

Zuwa ga Injiniya, jikar yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan aiki bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta yi ritaya ta bar ni ina fama. Kakarki, yayar tawa, tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko a can ba a sayar da abinci ne, don hoton da kika turo duk wuya ne da tabarau.

Za ki yi mamakin ganin takarda da ambulan, alhali kin kafa mana wurin hira namu na kanmu. Ki karanta, za ki ga dalili.

Bara, ina zaune gaban mai aski, ya ba ni wani labari. Wai a bayan layinsu akwai matar da mijinta ya fita bai dawo ba, amma wayarsa ta riƙa dawowa. Ba a ganinta da ido, sai dai na'urar intanet ta gidan ta nuna ta shigo, ta ɗan jima, ta fita. Na ce masa ya kula da kunnena ya bar zancen gidajen mutane. Shekara talatin da biyar na yi ina ware wasiƙu a gidan waya. Na ga wasiƙar da aka dawo da ita don ba a sami mai ita ba, amma ban taɓa ganin wadda ta tako da ƙafarta ba.

To, akwatin da kika ajiye mana a kabad ɗin ƙarƙashin bene yana nan yana gurnaninsa. Ina nufin tsohuwar kwamfutar da kika ce daga yau ita ce ma'ajiyar hotunanmu da hirarmu, babu kamfanin da zai leƙa. Ina share masa ƙura duk Asabar kamar yadda kika ce. Shafin da kika yi mini a kwamfutar falo ma yana nan, mai sunayen mutanen gida, wanda duk wayar da ke cikin gida sai ɗigo kore ya kama a gefen sunan mai ita. Kin tuna don ƙanena Auta kika yi shi, lokacin da mantuwa ta fara kama shi, don in gane in ya sulale. Wata takwas ke nan rabon ɗigonsa da kamawa, tun ranar da ya ce zai je sayen zare. Kin san inda muka duba da inda muka yi cigiya, ba sai na maimaita ba.

Talatar da ta wuce waccan, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, ina shan shayi, ɗigon Auta ya kama.

Na ajiye kofi na fita da iyakar saurin da gwiwa ta yarda. Layi babu kowa sai mai shago yana ƙirga kwalabe. Da na dawo ɗigon ya mutu. Na ce ido ne, tsufa ne. Jiya na zauna da agogo a hannu. Huɗu saura kwata ya kama, minti shida cif ya yi, ya mutu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, saƙonnin da ke wurin hirarmu, waɗanda da suke nuna mutum huɗu sun karanta, yanzu biyar suke nunawa. Na biyar ɗin Auta. Ba na son in yi maganar mutum a inda yake karantawa. Ban kira ki ba kuma, don kakarki tana jin motsin kyankyaso daga ɗaki uku, ga hawan jininta. Ban gaya mata komai ba.

Ke kika ɗaure wannan dabba a gidana. Ki gaya mini me take nufi.

Kakanki, tsohon gidan waya

*

Lahadi

Kaka,

Na amsa gaisuwa, ina gaida kai da Kaka ta mace. Lafiyata ƙalau. Ka ce mata ina cin abinci, kyamara ce ba ta ƙaunata. Gwiwa kuma ka daina sa ta gudu, ba sa'arta ba ne.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Na san abin da zuciyarka take so in ce, ni ma shi nake so. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake aiki. Wayar Baba Auta ta haddace kalmar sirrin intanet ɗin gidan. Duk lokacin da ta zo kusa, ko a aljihun wa take, za ta shiga da kanta, ta ɗebi saƙonnin da ta tarar. Ba sai mutum ya taɓa ta ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne wani ya tsince ta ko ya saya, kuma duk Talata hanyarsa tana biyowa ta ƙofarku. Wataƙila bas ce take tsayawa a cunkoson kwanar nan. Labarin mai askinka ma haka ne, in ma an yi.

Abin da ya dame ni daban ne. Baƙo yana yawo da mabuɗin gidanku a aljihu. Hotunan iyali duka, takardun asibitinku, hirarmu, duk zai iya buɗewa. Dalilin da ya sa na ƙi kamfanoni na ɗora muku manhajar da kowa zai iya duba cikinta ya ga abin da take yi, don kada kayanmu su shiga hannun da ba mu sani ba ne.

Asabar ɗin ƙarshen wata zan shiga akwatin daga nan in sabunta manhajoji. A ranar zan canza kalmar sirri in cire wayar daga jerin 'yan gida. In kana da ja, ka sanar da ni kafin nan. Ka kira ni, tsoho. Ka fita ƙofar gida ka kira, ba laifi ba ne.

Jikarka

*

Laraba, tsakiyar Maris

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Kira kuma ba zan yi ba, wasiƙa kwana huɗu take yi, na san aikina, akwai sauran lokaci.

Kada ki taɓa komai. Na sake faɗa, kada ki taɓa.

Na gwada maganarki ta bas. Jiya na fitar da kujera na zauna bakin titi tun ƙarfe uku da rabi, wayata a hannu da shafin a buɗe. Mai gyaran takalmi ya tambaye ni ko an kore ni daga ciki ne. Da na ɗan gutsura masa zancen, sai ya ce ai shi ma ya ji irinsa a garin surukansa. Kin ga mun zama mu uku da mai aski, sai mu kafa ƙungiya. Bas ta wuce uku da minti hamsin, ba ta ko tsaya ba. Amma kafin ta zo ɗigon ya riga ya kama, layi kuwa wayam, daga ni sai mai takalmi sai wata kyanwa. Na kalli kyanwar sosai. Ba ta da aljihu.

Ba wannan ne babban zancen ba. Da na koma ciki na buɗe ma'ajiyar hotuna don in ga fuskarsa kawai. A jakar Auta na tarar da sababbin hotuna goma sha ɗaya da ban taɓa gani ba. Na farkon yana ɗauke da kwanan watan ranar da ya fita.

Tashar bas ce, ba tamu ba. Na biyu ƙafafunsa ne cikin silifas ɗin nan ruwan ƙasa. Sauran kusan duk ƙofofi ne, shuɗɗan ƙofofi masu kama da tamu, amma babu tamu a ciki. Wata da tukunyar fure, wata da keke a jingine. Kada ki ce baƙo ne ya ɗauka. A kusurwar kowane hoto akwai babban yatsansa ya rufe gefe, da farcen nan da allurar keken ɗinki ta tsaga tun muna samari. Shekara nawa ina ce masa ya janye yatsa.

Na gane tsarin. Kamar buhun wasiƙu ne, wadda ta riga shiga layi ita ke riga fita. Duk Talata hoto biyu ko uku suke samun wucewa kafin minti shida su cika. A ƙasan shafin an rubuta saura talatin da takwas. Wato ina bin sawun ƙanena, ina baya da wata takwas, kuma a ƙarshen layin nan akwai wurin da ya tsaya. In kika rufe ƙofar, kin yanke mini sawun.

Takardun asibitina kuwa, duk mai so ya karanta. Zai ga gwiwa ce da basir.

Wani abu kuma, ban san ko yana da amfani a lissafinku ba. Makon da ɗigon ya fara kamawa shi ne makon da muka fara kwashe kayan ɗakinsa, muka yi maganar bayar da keken ɗinkin. Na ce wa kakarki a dakata, wai bayana ke ciwo.

Kakanki

*

Alhamis, Afrilu

Kaka,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, amma ban iya cin komai ba yau.

Wasiƙarka kwana ashirin da biyu ta yi a hanya. Yau da rana ta iso. Na rufe tun ran Asabar ɗin da na faɗa, da na ji shiru na ɗauka ka yarda. Ina gama karantawa na mayar da tsohuwar kalmar sirri, na mayar da wayar cikin jeri. Komai ya koma yadda yake. Talata biyu muka rasa.

Akwai abubuwan da dole in faɗa maka, ba zan iya riƙe su ni kaɗai ba.

Na shiga rajistar da akwatin yake ajiyewa, wadda da na duba ta tun farko da ban yi maka dogon bayanin bas ba. Ka tuna bangon ɗakin Baba Auta yana da kauri, sai na ƙara wata ƙaramar na'ura a saman ƙofarsa don intanet ya kai can? Wayar ba ta babbar na'urar falo take shiga ba, wadda ke kallon titi. Ta wannan ƙaramar take shiga. Ƙarfin da take kamawa kuma irin na wayar da ke cikin ɗakin ne, ba na wadda ke waje ba. Na duba sau da yawa. Cajinta kuma kashi huɗu cikin ɗari take nunawa kowane mako, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ban san wayar da ke yin haka ba.

A Talata biyun da na rufe, ta zo. Huɗu saura kwata ta nemi shiga aka hana ta, ta sake nema aka hana ta. Ba ta tafi bayan minti shida ba. Har ƙarfe shida tana nema.

Ɗayan abin ya fi wannan nauyi. Ranar da na haɗa masa wayar, ya tambaye ni in ya ɓace ya zai yi. Ina sauri, jirgina da yamma ne. Na ce masa, "Baba, ka ɗauki hoton inda kake kawai, hoto ya san hanyar gida." Ya yi dariya ya sa na maimaita har ya haddace. Ban gaya masa cewa sai wayar tana cikin gida hoton yake wucewa ba. Ni na tsara haka da hannuna, don kada akwatin ya buɗu ga duniya. Na yi niyyar gyarawa in na dawo hutu, ban dawo ba.

Ƙofofin nan da kake gani, ba yawon ɗaukar hoto yake ba. Kiranku yake yi. Ni na ce masa zai isa.

Ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Jikarka

*

Juma'a, ƙarshen Afrilu

Injiniya, jikata,

Sallama. Muna nan da rai da lafiya daidai gwargwado. Ki nemi wuri ki zauna, ki ci wani abu tukuna, wasiƙar ba za ta gudu ba. Ta hannun direba na aiko ta, na yafe wa tsohon wurin aikina.

A Talata biyun nan da kika rufe, ni dai ɗigo ne bai kama ba, na zauna ina kallon shafin. Kakarki ce ta fito daga kicin ran ta biyun ta ce, "Wai wa ke taɓa ƙofar ɗakin Auta tun ɗazu?" Na ce iska ce. Ta dube ni ta ce, "Iskar da ke zuwa ran Talata kaɗai?"

Sai na ba ta labari duka. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗigon nan kai kaɗai ke da ido a gidan? Tun ranar farko na gani. Na yi shiru ne saboda zuciyarka." Kin ji. Mako bakwai muna ɓoye wa juna abu ɗaya a falo ɗaya.

Talatar da ta biyo bayan buɗewarki, mu biyu muka shiga ɗakinsa muka zauna a bakin gado, keken ɗinki a rufe da zanensa a gabanmu. Ba mu ga komai ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Huɗu saura kwata ɗigon ya kama. Minti shida suka wuce bai mutu ba. Lambar ƙasan shafin ta riƙa sauka, talatin, ashirin da tara, muna kallo, kakarki ta riƙe hannun rigata. Wannan karon wayar ba ta tafi ba sai da ta sauke kayanta duka.

Ƙofofi sun ƙare a hoto na ashirin da wani abu. Daga nan wuri ɗaya ne kullum: taga mai labule ruwan ɗorawa, a waje wani tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, an yi masa fenti rabi an bari. Safe, rana, ranar ruwa, duk ita. Na kai wa direbobin tasha hoton, suna miƙa wa juna wayata, har wani ya ce ya san tankin, yana ƙarshen layin da ke ƙetare gada, bas biyu daga nan. Garin da bai taɓa zuwa ranmu ba.

Da na je, na tarar gidan kula da tsofaffi ne waɗanda ba a san danginsu ba. Matar da ke kula da ɗakin maza ta ga hotonsa ta ce, "Tela ne." Haka suke kiransa, don bai tuna sunansa ba amma hannunsa ya tuna aiki. Labulen nan ma shi ya yi masa kalmasa. Wani direba ne ya kai shi. Wayar babu layi a ciki, na san shi ya cire, kin san halinsa na kwance abu ya ga cikinsa. Lambar buɗe ta kuma ta ɓace masa, kyamara kaɗai ke buɗuwa. Ta ce kullum sai ya ɗauki tankin, ya gyara zama ya ce mata, "Na aika, suna hanya."

Wata uku ya yi a wurinsu. Ya rasu wata biyar kafin ɗigon ya fara kamawa, cikin barcin rana, ba wahala. Sun yi masa sutura yadda ya kamata, sun kai ni na ga kabarin, na yi masa addu'a. A rajistarsu ran Talata ne. Ban tambayi ƙarfe nawa ba.

Matar ta buɗe wata durowa da mabuɗi ta ɗauko ambulan, an liƙe shi da salatif, an rubuta kwanan watan rasuwarsa a baki. Na san ambulan da aka taɓa buɗewa, sana'ata ce. Wannan ba a taɓa ba. Wayar tana ciki, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Na tambaye ta ko durowar tana fita yawo ran Talata. Ba ta gane ba, na ce ta bar shi.

Na kawo wayar gida na ɗora a kan keken ɗinki. Talatar nan mun sake zama. Ɗigon bai kama ba.

Yanzu maganarki. Kin ce ba ki san da wane ido za ki kalle ni ba. Da waɗannan na bayan tabarau za ki kalle ni. Kin ce masa hoto ya san hanyar gida, da wannan maganar ya zauna wata uku cikin baƙi bai firgita ba, yana ɗinki yana jiran mu. Matar ta ce ba ta taɓa ganin ɓataccen da hankalinsa ke kwance kamarsa ba. Hoton kuma ya iso. Ya makara, amma ni da na ce miki wasiƙa kwana huɗu take yi ba ni da bakin zagin abin da ya makara. In kin zo hutu ki gyara abin da kika ce za ki gyara, don ni ma na fara neman tabarau alhali suna kan hancina. Kalmar sirri dai ki bar ta yadda take.

Abu na ƙarshe da ya shigo ba hoto ba ne, bidiyo ne, shi ya sa ya daɗe yana hawa. Da alama yatsansa ne ya zame. Silin kawai ake gani da fanka tana juyawa, amma muryarsa tas. Yana hira da na gadon kusa da shi. Mutumin ya ce masa, "Tela, mutanen nan naka ba za su zo ba." Sai na ji dariyar nan tasa ta hanci. Ya ce, "Za su zo. Yayana ne nawa gare shi, gwiwa. Ai waya ba ta mance gida, ko mai ita ya mance. In suka daɗe, da kanta za ta je ta kira su."

Na ji wannan labari a bakin mai aski na ƙaryata, na ji a bakin mai takalmi na yi dariya. In wani ya tambaye ki a ina kakanki ya samo shi, ki ce wanda ya gaya masa na ƙarshe ƙanensa ne, Auta, tela.

Kakarki ta ce ki zo da wuri, akwai labulen da ya bari bai gama ba, tana so ki riƙe mata gefe.

Kakanki